Kyandir ɗin da Na Hure a Dubai

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya dawo da ni. Tun da na sauka labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Iya Mairo, da gaske ne gidajensu sun taɓo gajimare?" Waccan ta ce, "Baturiyar ta durƙusa ta gaishe ki kuwa?" Na maimaita har muryata ta dushe. Shi ne Rabi, 'yar ƙanwata da take koyarwa a firamare, ta ce in zauna in faɗa sau ɗaya ta rubuta, duk mai tambaya sai a karanta masa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na dai roƙe ta kada ta gyara mini magana, in kuma kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Autana Kabiru yana aikin injiniya a Dubai, a can ya auri wata Baturiya 'yar ƙasar Suwidin, sunanta Karin. Labarin auren ya iske mai gidana, Malam, a kwance, cikin ciwon da bai tashi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "A bincika." Ya yi watanni yana jinya, ba a kai ga binciken ba Allah ya karɓi abinsa. Tun ina yarinya nake ɗakin mutumin nan, har yau in na zuba tuwo sai na tsinci hannuna ya ɗauko kwanonsa. Ina cikin takaba aka bugo waya an haihu, namiji, an mayar masa da sunan Malam.

Ƙanin Malam, wato Malam Hadi, shi ne babba a gidan yanzu. Ko barka bai yi ba. Wani ɗan kasuwa ya gaya masa mutanen Suwidin ba su da addini, cocinsu ma babu kowa sai tantabaru. Da na fita takaba ya kira ni zaure ya ce, "Yaya Mairo, in Kirista ce, Littafi ya halatta, aure ya ɗauru, yaro namu ne. In kuwa ba ta da addini ko kaɗan, to babu aure, kuma bakina ba zai kira yaron nan da sunan yayana ba. Kabiru ba zai gaya mana gaskiya ba, so ya rufe masa ido. Ke ki je ki gano mana."

Na ce to. Na koma ɗaki na yi kuka, don na san abin da aka ɗora mini: da bakina zan shigo da jikana gidan nan, ko da bakina in fitar da shi.

Wahalar farko a ofishin fasfo na sha ta. Na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni. A danna ta ƙi, a goge a sake ta ƙi. Yarinyar da ke wurin ta juya tafin hannuna ta ce, "Mama, wace sana'a kike?" Na ce tuyar ƙosai, tun kafin a haifi uwarki. Ta yi dariya ta ce mai da wuta sun cinye zanen. Sai da ta shafa mini man da take shafa wa leɓenta sannan abin ya yarda ni mutum ce.

Ban taɓa hawa jirgi ba. Makka Malam ne ya je, ni kullum ana cewa baɗi. A filin jirgin Kano Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, 'yar kasuwa mai sarin atamfa da takalma, mace mai jiki da murya. Ta gan ni ina share ido da gefen mayafi ta ce, "Iya, tsoro ne?" Na ce a'a, da marigayi mai gidana muka yi alkawarin hawa na farko. Sai ta karɓi jakata ta ce, "Ki riƙe gefen abayata kawai. Ni Dubai kamar Kantin Kwari take a wurina."

Ita ta ɗaure mini bel, ita ta nuna mini yadda ake salla a zaune. Abin da ba ta gaya mini ba shi ne banɗakin jirgi. Na danna wani abu, ya yi wata ƙara kamar zai zuƙe ni ya watso ƙasa. Na fito a guje ina salati, takalmi ɗaya a ƙafa. A Habasha muka sauka muka sake jirgi, a nan na ga matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a bakinta ina jira ta gaji ta tsaya, mutane suka taru a bayana, har Hajiya Ladi ta ce, "Yalla, Iya!" ta ɗauke ni cak kamar buhun gero.

A Dubai wani Balarabe cikin farar jallabiya ya karɓi fasfona. Ya yi magana, na ji Larabci tsantsa, na ɗaga hannu na ce amin. Ya sake, na sake cewa amin. Ashe cewa yake in kalli wani gilashi ya ɗauki idona. Gaba kuma aka buɗe jakata. Ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya ya toshe hanci. Hajiya Ladi ta taso masa, "Miya ce, habibi, miya! Halas, rufe mata kayanta." Ya rufe da sauri, ina jin don ya huta ne.

A waje na hango Kabiru da jariri ɗaure a ƙirji, goyo a gaba, kuma namiji. Na ce, "Auta, ina uwarsa da kai kake goyo?" Ya ce, "Ga ta nan, Iya." Doguwa ce, gashinta kamar gemun masara. Ta durƙusa har ƙasa, a gaban jama'a, ta ce da Hausarta mai karkata, "Sannu da zuwa, Iya. Ya hanya? Ya haƙuri?" Wannan "ya haƙuri" ita ta karya ni. Na zo da shirin in kalle ta da idon bincike, sai ga ni ina kuka a kafaɗarta. Yaron suna ce masa Abba. Ni kuwa na ce, "Maigida, ka bar ni a Kano ka zo nan ka ƙara ƙuruciya?"

Gidansu a unguwar Bur Dubai yake, can sama, sai an shiga wani akwati ya ɗaga mutum. Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da uwar Karin, Birgita, wadda ta zo taya 'yarta jego. Tsohuwa ce siririya mai guntun farin gashi. Ta miƙo mini hannu ta damƙe kamar namiji. Kabiru ya raɗa mini cewa ita ma mijinta ya rasu, wata biyu kafin Malam. Na dube ta da kyau. Babu alama. Ta saka wando, ta yi ta harkokinta. Ni ina kuka da asuba, ina kuka in na ga abincin da Malam yake so, ita kuwa ko jan ido ban taɓa gani ba. Na ce a raina, wannan ba ta so mijinta ba.

Abincinsu sai a hankali. Akwai wani kifi da ba ya ganin wuta, a ruwan tsami da sukari ake jiƙa shi, su ci da dankali suna lumshe ido. Na taɓa sau ɗaya don kunya. Burodinsu busasshe ne kamar ƙanzo, in Birgita tana ci sai ka ce akuya ta samu kara. Amma kullum bayan la'asar sai ta dafa gahawa ta kawo wani burodi mai kirfa, kowa ya bar abin da yake yi a zauna. Wannan kam na so shi. Ni ma na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Birgita ta sa cokali, yaji ya sarƙe ta, ta yi ta tari, sannan ta miƙo kwano a ƙara.

Suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu. Amma shirunsu ya yi yawa. Uwa da 'ya su zauna a falo ba mai cewa uffan, kuma ba faɗa suka yi ba. Ba mai shigowa sai ya bugo waya. Maƙwabcin da kuke haɗa bango ba ka san sunansa ba. Abin da ya riƙe ni a garin kiran salla ne, ta kowace kusurwa yana shigowa. Na kuma lura in na shimfiɗa darduma Birgita takan kashe rediyonta, kuma ba ta taɓa gilmawa ta gabana ba.

Ranar Lahadi na tashi da wuri na zauna a falo ina jira. Ni na san Kirista. Masu sayen ƙosaina daga Sabon Gari, ranar Lahadi sai ka gan su da ashobi da ɗaurin kai, littafi a hammata, yara a gaba. Birgita ta fito da takalmin kambas ta tafi zagaya bakin ruwa. Karin ta zuba wanki a inji. Rana ta take, ta karkata, ta faɗi. Ba wanda ya je ko'ina. Na duba bango, na duba wuyansu, babu gicciye. In za su ci abinci ba sa cewa komai.

Na tare Kabiru a kicin na ce, "Auta, matar nan mene ne addininta?"

"Kirista ce mana, Iya."

"Wane coci take zuwa?"

Ya shafa ƙeya ya ce, "Iya, su abin nasu daban ne." Tun yana yaro in ya shafa ƙeya na san da sauran magana. Na gane in shi zai yi mini tafinta, zai zuba wa maganar sukari kafin ta iso kunnena.

Tun rasuwar Malam duk Juma'a nakan soya ƙosai in yi masa sadaka, ban so tafiya ta katse mini ba. Ranar Alhamis na sa Kabiru ya kai ni kasuwar Deira, can ƙetaren ruwa, neman wake. Wani kwalekwale mai inji ake hawa, abra suke ce masa, ba shi da bango, kowa ya zauna ƙafafunsa na kallon ruwa. Na ƙanƙame wani Ba'indiye da ban sani ba har muka ƙetare, shi kuwa bawan Allah ko motsi bai yi ba. A Deira sai na ji Hausa ta ko'ina, "Alhaji, kwantenar ta tashi?" "Wallahi sai jibi, inshallah." Na samu Hajiya Ladi a shagon masu kargo, zaune a kan ƙullin atamfa tana faɗa da wani Bafakistane. Na ja ta gefe na gaya mata damuwata. Ta ce, "Turancina na ciniki ne, amma ba ya ɓoye aibin kaya. Ranar Lahadi zan zo."

Da Juma'a na soya ƙosai faranti guda, sai na tsaya da shi a hannu. A gida da na leƙa ƙofa yaran unguwa sun wawashe. A nan na buɗe ƙofa, babu kowa sai dogon lungu da ƙofofi a rufe. Na zauna na fashe da kuka, ga sadaka babu mai karɓa. Birgita ta tambayi Kabiru, ya yi mata bayani cewa ladan yana isa ga mamaci. Ta saka takalminta, ta ɗauki farantin, ta kama hannuna muka sauka ƙasa. Ta bi maigadi da masu shara da yaran da ke kai saƙo a babur, tana miƙa musu tana nuna ni. Kafin a yi kiran salla faranti ya koma wayam.

Kashegari Asabar na yi ɓarnar da har yau in na tuna nake jin nauyi. Na idar da magariba na fito baranda in kwashe kayan Abba da aka shanya. Sai na ga kyandir yana ci a ƙasa, cikin wani farin gwangwani mai murfin ƙarfe, ga iska tana kaɗa zanen goyo a kansa. Ga lantarki ko'ina tar, ba a ɗauke ba, a garin ma ba a ɗaukewa. Ni kuwa na ga abin da kyandir ya yi wa ɗakin maƙwabciyata Ta Annabi, ko tsinke ba a fitar ba. Na ce wannan wane irin sakaci ne a gidan da ke da jariri. Na ɗaga murfin na hure shi.

Ina juyowa na ga Birgita a bakin ƙofa da kofin gahawa. Ta dubi gwangwanin, hayaƙi yana fita. Ta ajiye kofin a hankali. Matar da na yi kwana da kwanaki ina cewa ba ta da hawaye ta zauna a ƙasa dirshan, ta saki wani kuka mai ƙara irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Kabiru ya fito da gudu, Karin a bayansa. Na ce, "Auta, me na yi?"

Wannan karon bai shafa ƙeya ba. Ya ce, "Iya, a ƙasarsu akwai wata Asabar a farkon sanyi, lokacin da duhu ke shiga tun la'asar. Ranar mutane suna zuwa maƙabarta su kunna wa mamatansu kyandir, mai zuwa coci da wanda bai san hanyarsa ba. Yau ce. Ita ce ta farko tun rasuwar mijinta, ga shi ba ta gida. Tun daga can ta taho da shi a jakarta."

Na ce innalillahi. Na durƙusa na kama hannuwanta ina ba ta haƙuri da Hausa, tana amsa mini da yarensu, ba mai jin wani, muna ta kuka. Karin ta kawo ashana. Birgita ta miƙo mini. Na tsaya. Ni na kashe, ni ya kamata in mayar, amma ban san hukuncin abin a wurinmu ba, kuma babu malamin da zan tambaya. Sai na mayar mata da ashanar, na sa tafukana biyu na tare mata iska, ta ƙyasta ta kunna. Na janye zanen goyon daga igiya.

Muka zauna a nan, Kabiru a tsakiya yana juya magana. Na ce a ina kabarin yake. Ta ce an yi masa jana'iza a coci, limamin ma mace ce, sannan aka ƙone gawar. Na yi ta'awwuzi a zuci, amma na riƙe bakina. Ta ce tokar an binne ta a wani fili mai ciyawa da itatuwa a cikin maƙabarta, inda ake binne mutane da yawa ba suna ba alama. Ma'aikata ne suke binnewa, iyali ba sa nan. Shi ya zaɓi haka, wai kada ya ɗora wa kowa wahalar share kabari. Ta ce, "Ina zuwa in tsaya a bakin filin, ban san ta ina zan kalla ba."

Na ce wa Kabiru, "Gaya mata ni ma haka." Mu mata ba ma bin gawa. Daga bakin zaure na ga an fita da Malam a makara, iyakar ganina ke nan. Na san maƙabartar, ban san wurin ba.

Na ce, "Yana ganin wutar nan?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ba na jin yana gani. Amma uwata ta kunna wa ubana, in ban kunna ba ji zan yi kamar na bar shi a waje cikin sanyi."

"To kin yarda akwai Allah?"

Ta dubi kyandir ɗin. Ta ce, "Wani lokaci in ina tafiya a daji, ko in ana waƙa a coci ranar jana'iza, ina jin akwai wani abu. Ban san sunansa ba."

Na ce, "Mu kuwa casa'in da tara muka sani."

Ta yi dariya da hawaye a fuska ta ce in ara mata ɗaya. Na ce Arrahimu, mai jin ƙai. Ta gwada faɗa, harshenta ya ƙi, ta sake gwadawa. Ban gyara mata ba.

Ranar Lahadi Hajiya Ladi ta zo da turarenta da hayaniyarta. Na aiki Kabiru sayo abin da ba na bukata. Muka zauna da Karin, Abba yana cinyata. Hajiya Ladi ba ta yi kwana-kwana ba, ta jefa mata tambayar kamar mai tambayar farashi. Karin ta dube ni ta ce da Hausa, "Na san abin da ya kawo ki, Iya." Sauran ta faɗa da Turanci, Hajiya Ladi tana juya mini.

Ta ce tana jaririya aka yi mata wankan coci, da ta zama budurwa ta yi karatunsu aka tabbatar da ita, kamar uwarta da kakarta. Amma ba ta zuwa sai Kirsimeti, ko biki, ko mutuwa, kuma yawancin waɗanda ta sani haka suke. Ta ce a ƙasarsu fita daga coci ba wuya, hannu kawai za ka sa a takarda, ba mai zaginka, ba mai gaba da kai. Yayanta ma ya fita. Ita ma ta taɓa niyya, ta kasa.

Na ce me ya hana ta.

Ta ce, "Kakannina suna kwance a bayan cocin ƙauyenmu. A nan aka kaɗa wa babana ƙararrawa. In na fita ji nake kamar na ce ban san su ba."

"Allah fa?"

"Ba zan ce ina da tabbaci irin naki ba, Iya. In na ce haka na yi miki ƙarya. Wata rana ina yarda, wata rana ban sani ba. In na ga kina salla ina sha'awar yadda ba kya kokwanto."

Game da Abba ta ce tun kafin aure suka gama magana, Musulmi ne, ranar da aka haife shi ubansa ya yi masa kiran salla a kunne. Abin da ya ba ni mamaki, wai Birgita ce ta so a yi masa wankan coci. Matar da ba ta san sunan Allah ba! Har ta taho da wata doguwar farar riga da duk zuriyarsu suka saka ranar wankan. Karin ta ce a'a. Uwar ta yi fushin yini biyu, daga baya ta roƙa a bar ta ta saka masa rigar kawai ta ɗauki hoto, aka bar ta.

Da na rako Hajiya Ladi bakin akwatin sauka ta ce, "Iya, shekara nawa ina ciniki, ban taɓa ganin kaya irin wannan ba, ba ka ce sabo ba, ba ka ce gwanjo ba. Ki je ki ce musu Kirista ce, halas. Wa zai hau jirgi ya zo dubawa?" Na ce Malam cewa ya yi a bincika, bai ce a rufe ba. Ta ce, "To in tsohon nan ya ƙi yaron fa?" Da wannan tambayar na kwana, da ita na hau jirgi. Ranar tafiyata Birgita ta cusa mini burodin kirfa a jaka, ni kuma na bar mata sauran kukar. Muka rungumi juna, ba tafinta.

Kwana biyu da dawowata Malam Hadi ya aiko. Na same shi a zaure a kan buzun da yayansa yake zama. Muka gaisa, ya ce, "To Yaya Mairo, Kirista ce ko ba ta da addini?"

Na ce, "Malam, zan faɗa maka abin da na gani, kai ka sa masa suna." Na faɗa masa duka. Ban ɓoye Lahadin da ba a je ko'ina ba. Ban ɓoye ƙona gawa ba, ya runtse ido. Ban ɓoye "wata rana ban sani ba" ba. Na faɗi wankan coci da ƙararrawa da kyandir, har da hurewar da na yi.

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Da bakinta ta ce ta bar addinin iyayenta?"

Na ce a'a.

"Kuma kin ce hanyar fita a buɗe take, ba duka ba zagi?"

Na ce haka ta ce, yayanta ma ya bi ta.

"Ita ta tsaya."

Na ce ta tsaya.

Ya ce, "Wanda aka buɗe wa ƙofa ya ƙi fita, ɗan gida ne. Abin da ke zuciya kuwa ba a ba mu mabuɗinsa ba, da zahiri aka umarce mu. Allah ya shirye ta, ya shirye mu." Na ɗauka ya gama, har na fara laluben takalmina. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da wa yake kama?"

Na ce, "Kunnuwan yayanka ne. In zai yi atishawa ma sai ya tamke goshi tukuna, kamar wanda aka ɓata wa rai."

Ya juya fuskarsa bango. Can ya laluba aljihu ya fito da wayarsa ya miƙa wa wani ɗalibinsa ya ce a nemo masa Kabiru. Da aka ɗauka bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Kara masa a kunne." Sannan ya kira yaron da sunan nan, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka kawo ni gidan, ba kuma zan sa Rabi ta rubuta ba. Ya kira sau ɗaya muryarsa ta karye, ya gyara ta ya sake kira.

Rabi, ajiye biron haka. Wanda aka karanta wa wannan, ya sa Malam a addu'a.